Zauren Malam: "Haƙori Ne," In Ji Kaka

 

Akwai wata magana da kowa ya sani a gidajenmu. Jariri ɗan wata bakwai ya soma zawo, jikinsa ya yi zafi, ya ƙi nono. Uwa ta damu, ta ɗauke shi zuwa ɗakin kaka. Kaka ta sa yatsa ta taɓa dasashinsa, ta ce, "Haƙori ne, 'yata. Bar shi, in ya fito zai daina." Sai hankalin uwa ya kwanta. Wani yaron yakan warke bayan kwana biyu, a ce ai ga shi, kaka ta faɗa. Wani kuwa a rana ta uku fasto ake aika wa. A kan wannan magana nake so mu zauna a wannan wata.

Abin da ya tayar mini da ita shi ne 'yar ƙanwata, wadda ke karatun harhaɗa magunguna a jami'a. Ta yi hutu a wurinmu tana bitar jarrabawa. Da yake yi wa yara tambaya shi ne aikina, sai ta miƙo mini 'yan katunan da ta rubuta, ta ce, "Kawu, ka riƙa tambayata, in na kuskure kada ka raga mini." Babi biyu ne a gabanta. Ɗaya a kan kayan tsabtace haƙori, ɗaya a kan gishirin da ke cikin jikin mutum. A takarda ba abin da ya gama su sai dai malami ɗaya ke koyar da su. Amma a gidajenmu sun gamu, a jikin wannan jariri da ke hannun kaka. Bari in bi su yadda ta bi su, sa'an nan mu komo wurin jaririn.

Mu fara da haƙori, gama shi ne mai sauƙi. Farin ɓawon nan mai sheƙi da ke lulluɓe da haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin mutum duka, ya fi ƙashi. Da kalsiyam da fosfet aka gina shi, wato shi ma wani irin gishiri ne da ya daskare. Duk da taurinsa akwai abin da ke narkar da shi, shi ne tsami. Babu wata tsutsa a cikin haƙori, ko da mai magani a kasuwa ya nuna muku ita a kan auduga. Abin da ke akwai shi ne ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, suna zaune cikin dattin da ke manne a gindin haƙora. In sun sami sukari su ci, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa cin ɓawon kaɗan kaɗan har kogo ya buɗe. Allah ya ba mu mai gyara, wato yawu, wanda ke kashe tsamin, ya kuma mayar da kalsiyam inda ya zube. Amma yawu yana bukatar lokaci. Yaron da ya sha alawa biyar a zama ɗaya ya fi lafiya bisa wanda ya raba biyar ɗin, yana tsotsa tun safe har a tashi makaranta. Ina da irinsu a ajina kowace shekara. Da dare kuma yawu yakan ragu, saboda haka wankin baki kafin barci ya fi na safe amfani, ko da yake na safen ne muka fi riƙewa domin kunyar mutane.

Na tambaye ta abin da ke cikin makilin. Ta lissafa mini: gari mai laushi irin na alli domin gurzawa, da abin kumfa, da na'ana'a domin ƙanshi, da wani abu mai hana shi bushewa, sai fuloraid. Ta ce cikinsu duka fuloraid ne ke hana kogo, gama yana shiga ɓawon haƙori ya ƙara masa ƙarfin jure tsami. Kumfa da sanyin baki ado ne kawai. To, mai saye ya bar kallon hoton da ke jikin kwali. Ya juya baya ya nemi lambar hukumar NAFDAC, ya kuma nemi inda aka rubuta yawan fuloraid. Lamba tsakanin 1000 da 1500 ake so a gani, sau da yawa za ku iske 1450. Mai arha da ke da wannan lamba ya fi mai tsada da ba shi da ita.

Ban raina aswaki ba. Na dogon yaro ko na marke, in an tauna shi ya yi laushi, aka bi haƙora ɗaya ɗaya ciki da waje, yana fitar da datti sosai. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya zaɓi ɗaya ya yar da ɗaya ba. A yi aswaki da rana, a yi makilin da burushi safe da dare. Abin da ban yarda da shi ba shi ne garin gawayi da toka da yashi mai laushi. Suna sa haƙori fari yau, amma ɓawon suke kankarewa, shi kuwa in ya tafi ba ya sake tsirowa. Haka nan ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi don ciwon haƙori. Ƙona naman take yi, ciwon kuma yana nan.

Yanzu ga inda awo ya shigo. Yaro da bai kai shekara 3 ba, makilin kamar ƙwayar shinkafa ya ishe shi. Daga shekara 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake ƙarama. A koya masa ya tofar, kada ya haɗiye, kada kuma a kurkure da ruwa nan da nan, a bar ɗan saura ya yi aikinsa. Me ya sa ake wannan tsantseni? Domin fuloraid ɗin da ke tsare haƙori, in ya yi yawa shi ne ke ɓata shi. Ta haka ma aka fara saninsa. A shekara ta 1901 wani likitan haƙori mai suna Frederick McKay ya sauka a wani gari a jihar Kolorado ta Amurka, ya tarar haƙoran mutanen wurin da tabo ja-ja, amma ba su cika yin kogo ba. Sai a 1931 aka gane fuloraid ne ya yi yawa a ruwan da suke sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka, kada ya wuce miligiram 1.5 a litar ruwan sha.

Wannan ba labarin Amurka kaɗai ba ne. 'Yan'uwanmu na Langtang a jihar Filato da na Kaltungo a jihar Gombe sun san wannan tabo, gama yana cikin ruwan wasu rijiyoyinsu. Yaro ya zo makarantar kwana daga can, abokai su yi ta yi masa ba'a, wai ba ya wanke baki, ko wai tun yana goye yake cin goro. Malamai, ku tsawata wa masu wannan ba'a. Tabon a cikin haƙori yake tun yana ƙasan dasashi, ba makilin ɗin da zai fitar da shi. A Tibiri ta jihar Maradi a Nijar abin ya wuce haƙori. Wajen shekara ta 2000 ya bayyana cewa ɗaruruwan yara sun sami lanƙwasar ƙashi saboda ruwan rijiyar burtsatsen da garin ya yi shekaru yana sha. Tafasa ruwa ba ya fitar da fuloraid, ruwan ne ke tafiya ya bar shi. Ekklesiyoyi da yawa yanzu suna haƙa burtsatse, abin yabo ne. Amma kafin ranar buɗewa da addu'a da waƙoƙin mata, dattawa su ɗibi kwalba ɗaya su kai a auna. Mutanen Yariko ma, a Littafin Sarakuna na Biyu sura 2, da ruwansu ya zama mugu ba su yi shiru ba, sun kai kuka wurin Elisha.

Babi na biyu ya fi ba ta wuya, ni kuwa shi ya fi ba ni sha'awa. Jikin babban mutum wajen kashi 60 cikin 100 ruwa ne, na jariri sabon haihuwa kusan 75. Ruwan nan ba salam yake ba. Duk wanda gumi ko hawaye ya taɓa shiga bakinsa ya ji gishiri. A littafinta sunan waɗannan gishiri ilektirolait, sunan da makanikai ke kiran ruwan batir da shi. Ba a banza sunan ya zo ɗaya ba. Kamar yadda batir ba ya ba da wuta sai da ruwansa, haka jijiya ba ta kai saƙo, tsoka ba ta motsi, zuciya ba ta bugawa sai da su. Manyansu biyu ne. Sodiyam, na cikin gishirin miya, ya fi zama cikin jini da ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin jiki, inda ya je kuma ruwa yakan bi shi. Potasiyam ya fi zama can cikin ƙwayoyin, ana samunsa a ayaba da wake da ganye da dankali. Ta haddace awonsu kamar yadda yaranmu ke haddace ayar Lahadi: sodiyam 135 zuwa 145 a litar jini, potasiyam 3.5 zuwa 5. Ku dubi ƙanƙantar tazarar potasiyam. In ya sauka ƙwarai, ko ya hau ƙwarai, bugun zuciya yakan rikice, har ta tsaya. Mai tsaron wannan awo dare da rana ita ce ƙoda. Kamar ma'ajin ekklesiya take, ta san abin da ya shigo, ta san abin da za ta saki cikin fitsari da abin da za ta riƙe.

Bari in ɗan ratse a nan saboda masu jego. Kanwa, wadda 'yan boko ke kira fotash, ba potasiyam ne ya cika ta ba, sodiyam ne. Mai jego da ake ɗura wa kunun kanwa kwano bayan kwano har kwana arba'in, gishiri ake loda mata, ruwa kuma yana taruwa a jikinta. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun lura da yawan matan da ke zuwa da kumburi da haki bayan haihuwa, zuciyarsu ta gaza, suka ga kunun kanwa da zafin wankan jego suna da hannu a ciki. Ba su kaɗai ne sanadi ba, amma su ne waɗanda ke hannunmu. Mu maza kuma da ke neman a ƙara magi a miya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini duka kada ya kai giram 5, wato wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin magi da burodi.

To, mu koma wurin jariri. In zawo ya kama shi, ba ruwa kaɗai ke fita ba, da sodiyam da potasiyam suke fita tare. Jikinsa ƙarami ne, ajiyarsa kaɗan ce, abin da babba zai jure kwana uku shi cikin yini ɗaya zai kwantar da shi. Idanu su faɗa, baki ya bushe, ya yi kuka ba hawaye, fitsari ya ɗauke. Maɗiga kuma ta lotsa. Nan ma akwai wata maganar, a ce ciwon maɗiga ne, a kwaɓa magani a shafa a ka. Maɗiga ba ta da laifi. Rijiya ce ke nuna ruwa ya ja baya, ta baki kuma za a mayar da shi.

Ruwa zalla ba ya isa, gama ba ya mayar da gishirin da ya zube. Ruwan gishiri zalla kuma hanjin mai zawo ba ya karɓarsa da kyau. A 1960 wani masani ɗan Amurka, Robert Crane, ya gano cewa a bangon hanji akwai wata ƙofa da sodiyam ba ya shiga ta sai tare da sukari. In sun shiga su biyu, ruwa ya bi bayansu. Wannan ƙofa kuwa tana aiki ko ana tsakiyar zawo. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan ƙari ya ƙare. Wani likitan yara, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari cikin manyan durom, 'yan'uwan majinyata suna ba su da kofi. Da wajen mutum 30 cikin 100 ke mutuwa, sai ya koma ƙasa da 4. A Nijeriya, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, an yi ta shelar ruwan gishiri da sukari a rediyo. Iyayenmu mata za su tuna ana cewa a auna ruwan da kwalbar giya ɗaya ko ta lemo biyu. Matan zumunta, ba sai an faɗa ba, ta lemo suka zaɓa.

Na tambayi ɗalibarmu abin da ke cikin 'yar ledar nan ta ORS da ake sayarwa a kemis. Ta ce gishiri giram 2.6, gulukos giram 13.5, potasiyam kuloraid giram 1.5, da sitiret giram 2.9, duka domin litar ruwa ɗaya. Kafin 2002 gishirin giram 3.5 ne, gulukos 20, sai aka rage da aka ga yara sun fi samun sauƙi da wannan awon. Na ce mata, "'Yata, wa zai tambaye ki waɗannan lambobi bayan jarrabawa?" Ta ce, "Kawu, ba wanda zai tambaye ni. Amma uwa za ta ce mini a kofi ɗaya ta juye ledar duka don ya fi ƙarfi." Gaskiyarta. Ledar lita ɗaya a kofi ɗaya, gishiri ya ninka sau huɗu. Maimakon ruwa ya shiga jikin yaro, sai a jawo na jikinsa zuwa hanji, sodiyam ya hau a jini, yaro ya soma jijjiga. Haka nan lemon kwalba, sukarinsa ya yi yawa, gishirinsa bai kai ba, ƙara zawon yake yi.

Saboda haka a duba jikin ledar, in ta ce lita ɗaya, lita ɗaya ke nan na ruwa mai tsabta, wato ledar ruwan sha biyu irin mai rabin lita. In babu ORS a kusa, a sa ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe bakin kowanne, da rabin cokalin gishiri, cikin lita ɗaya. Uwa ta ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Wannan na gida ba shi da potasiyam, na tsayar da ɓarna ne kafin a samo na leda, yaron da ya soma cin abinci kuma a murje masa ayaba. Wanda bai kai shekara 2 ba a ba shi rubu'in kofi zuwa rabi bayan kowane zawo, da cokali, a hankali. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Kada a janye nono, a ƙara ma. Abin da ya kwana ya yini a zubar a dama sabo. Tun 2004 kuma an haɗa da ƙwayar zink, awon da aka sa a wancan lokacin shi ne miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata 6 ba. A gama kwanakin ko da zawon ya tsaya.

Yanzu, haƙori yana sa zawo? Ba ya sawa. Haƙori yana sa dalalar yawu, da ƙaiƙayin dasashi, da ƙyuya, da son tauna kome. Abin da kaka ta gani gaskiya ne, zawo da haƙori sukan zo lokaci ɗaya. Amma ga dalilin. Wajen wata 6 haƙorin fari ke fitowa. A daidai lokacin nan kāriyar da yaro ya zo da ita daga jikin uwarsa take raguwa. A lokacin ne ake soma ba shi koko da ruwa. A lokacin ne kuma yake soma rarrafe, ya ɗauki takalmin babansa da kashin kaji ya kai baki. Ƙwayar cutar da ta fi kawo wa yara masu wannan shekaru zawo mai tsanani ana kiranta rota. Akwai rigakafinta, na ɗigawa a baki, Nijar ta sa shi cikin rigakafin yara a 2014, Nijeriya a 2022. A duba katin yaro.

Kalmar nan "haƙori ne" ɓarna biyu take yi. Ta fari, tana sa a jira. Ta biyu, tana sa a je kemis a ce a ba da maganin haƙori. Sau da yawa abin da ake miƙowa shi ne kafson nan ja da rawaya, tetirasaikilin, a fasa a zuba wa jariri a cokali. Ba ya taɓa ƙwayar rota ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne ya kama kalsiyam na haƙoran da ke ginuwa a ƙasan dasashi, su fito da launin toka ko ruwan ƙasa har tsufa. Shi ya sa ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba. Kada kuma mu manta da 2008, sa'ad da wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda guba ta shiga cikinsa, ya lalata ƙodar yara a Nijeriya, aka ƙidaya 84 da suka mutu. Iyayensu ƙauna ce ta kai su saye. Dasashi mai ƙaiƙayi ba ya bukatar kome sai yatsa mai tsabta a murza masa, ko tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya tauna.

Ban ce amarya ta tsaya tana gardama da surukarta ba. Ba za ta ci nasara ba, ba kuma tarbiyyarmu ba ce. Ta ce, "To, Mama, haƙorin ne, amma ga wannan ruwa, ki taya ni ba shi." Ba wanda ya kai kaka haƙurin zama da cokali awa biyu. Maigida kuwa kada ya ce wannan sha'anin mata ne, shi ne mai babur. In yaro ya kasa sha, ko yana amayar da kome, ko akwai jini a zawon, ko jiki ya yi zafi ƙwarai, ko ya yi laushi ba ya kula kowa, ko an ja fatar cikinsa ta ƙi komawa da sauri, to, ya wuce aikin cokali. A tafi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne, ana ba shi ruwan a hanya in yana iya haɗiya.

Ina da roƙo ga shugabannin zumuntar mata. Ku cire kaɗan daga baikonku ku sayi ledar ORS goma da zink, da moɗa ko jug ɗaya da aka yi wa alamar lita, a ajiye a gidan fasto ko na mai bishara, a sanar a majami'a cewa suna nan. Wata Lahadi bayan sujada ku gayyaci ma'aikaciyar lafiya ta dama a gaban kowa, kowace mace ta ɗanɗana, har da kakanni. A ajiye ledojin a busasshen wuri, a riƙa duba ranar lalacewa da ke jikinsu, wadda aka ɗauka a mayar da madadinta kafin Lahadi ta kewayo.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.